Yadda Ƙahon Kofur Ishaku Ya Shiga Kwamfuta

Ku 'ya'yana, abin da ya faru a coci ranar auren yayarku Saratu kun ji shi daga bakuna da yawa. Waɗansunku suna wurin amma ba su yi wayo ba, waɗansu kuma a waje suka tsinci labarin. Ni kaɗai ne ban taɓa zaunar da ku na faɗa muku ba, alhali ni ne na aikata. Tun da hannuna yana iya riƙe biro tukuna, gara in rubuta shi yadda yake.

Ni da Ishaku a badujalar soja muka haɗu, ko da yake ƙauyukanmu ba su da nisa, shi daga bayan Dabai, ni daga Rikoto. Ya girme ni da shekara shida, ya kuma riga ni sa kaki. Amma da yake na ɗan taɓa makaranta, ni aka tura na koyi karanta rubutun kiɗa, wannan mai layi biyar da ɗigo-ɗigo a kai, har na zama saja, shi ya tsaya a kofur. A fagen fareti yana ƙame mini. In mun cire kaki ni ne nake ce masa Yaya, in karɓi kayan hannunsa. Ni kilarinet nake busawa, shi kuma turampet, wanda a gida ƙaho kawai muke ce masa. Bai iya karanta ko ɗigo ɗaya ba, kuma bai taɓa buƙata ba. In na busa masa waƙa sau ɗaya, ya riƙe ta ke nan har abada. Muryar ƙahonsa tana da ɗan kaushi a farkonta, kamar dattijo ya gyara murya kafin ya yi magana, sannan ta buɗe ta cika fili. Ko kana bayan gari ka ji ta, ka san wane ne.

Da muka yi ritaya muka dawo Zuru, sai muka tarar da ire-irenmu suna zaune a ƙofar gida suna kallon hanya. Muka tattara kanmu mu tara, muka nemo tsofaffin kayan busa, muka kafa 'yar badujalarmu. Mu ne a jana'izar tsohon soja, mu ne a aure, mu ne a bikin godiyar kaka, mu ne a maci na 'yan makaranta. Garba mai babbar ganga Musulmi ne, amma bai taɓa fashin wani taron coci ba, mu ma in Salla ta zo a ƙofar gidansa muke fara busa. Ni ne mai shirya wa kowa abin da zai busa. Sai shekaru suka fara ɗaukar mu ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya rasu, wancan ƙirji ya hana shi, wani ya bi ɗansa birni. A shekarar da nake ba ku labari, wadda wayar hannu ta fara yawa a gari, mu huɗu muka rage. Ni kuwa ban daina rubuta kiɗan mutum tara ba. Na cika littattafai da waƙoƙin da na san kunnena ba zai taɓa jin su a cike ba.

A shekarar ne mamarku Rahila ta bar aikin buga takardu a ofis, ta sayi kwamfuta 'yar gwanjo, ta sa a ɗakin zaure tana buga wa mutane katin aure da takardun ɗalibai. Wani ɗan ƙanen babanta, mai koyar da mawaƙan coci a Kaduna, ya zo mana kwana biyu, ya ga littattafaina, ya ce ai wahalata ta ƙare. Ya sa wata manhaja a kwamfutar. Ka jera ɗigon a kan layi kamar yadda kake yi a takarda, ka zaɓi abin busar da kake so, ka danna, ita kuma ta buga maka. Ya tafi ya bar ni da mamarku, wadda ta koya mini riƙe ɗan abin nan da ake ja da hannu kamar tana koya wa jaki rawa. Sai da rana nake samun wuri, in masu takardu sun ragu kuma an kawo wuta. Mako biyu na yi ina zuba waƙa ɗaya. Ranar da na gama, na kira ta ta zauna, na danna.

Abin da ya fito ban san sunan da zan ba shi ba. Inda na sa turampet, sai ka ce an matse hancin ɗan akuya. Kilarinet ɗina kuwa kamar sauro a cikin gwangwani. Rahila ta riƙe ciki tana dariya har da hawaye.

"Baban Saratu," ta ce, "wannan badujalar ƙwari ce ka kafa?"

Ban yi dariya ba. Waƙar daidai take, kowane ɗigo yana wurinsa, amma babu mutum ko ɗaya a cikinta. Na kira ɗan'uwan nata a waya na ce abinsa na banza ne. Ya ce in yi haƙuri, rubutu daban, murya daban. Manhajar karatu kawai take yi, muryar kuma daga wani kundi take ɗauko ta, wanda ya zo da kwamfutar, kuma shi ne mafi araha a duniya. Akwai kundaye masu kyau, in na samu ɗaya na nuna mata inda yake, za ta riƙa ɗauka daga can.

Daga ranar na zama mafarauci. Na zauna a shagon intanet tun safe ina jiran kundi ya sauko, ina kallon wani ɗan layi yana rarrafe, ya kai rabi a ɗauke wuta, gobe in sake daga farko. Na je Kontagora, na je har Kaduna na bi masu sayar da faya-fayai rumfa-rumfa, ina yi musu bayanin abin da su ma ba su taɓa ji ba. Wani faifan babu kome a ciki. Wani kuwa cuta ya kawo wa kwamfutar, ta cinye aikin mutane na mako guda, mamarku ta sake buga shi duka, ta yi kwana uku ba ta ce mini ko sannu ba. Daga ƙarshe dai na samu na kirki, na Turawa. Ranar da na ji shi na farko na san ƙaho ne na gaske, babu shakka. Na yi wata guda ina murna. Sannan na fara jin abin da ya rage. Yawancin waƙoƙina daga waƙoƙin noma na gida na ɗauko su, da na coci da muke yi da yarenmu na C'lela. A bakin waɗannan ƙahonin sai su fito tsaf-tsaf, sumul, kamar baƙo ya haddace gaisuwarmu yana yi mana. Ba ka iya cewa ya yi kuskure, amma ka san ba ɗan gida ba ne.

Cikin takardun bayanin da suka zo da faifan ne na gane sirrin. Ashe mutane ne aka sa a ɗaki, kowa ya busa murya ɗaya-ɗaya aka ɗauka, aka jera. Kuma akwai wata 'yar manhaja da kowa zai iya yin nasa da ita. Ban gama karanta shafin ba na sa takalmi na nufi gidan Ishaku. Na same shi yana gyaran ƙotar fartanya. Na yi masa bayani sau biyu.

"Wato in busa maka do-re-mi, ka sa a kwalba," ya ce.

"Kusan haka ne, Yaya."

"Ka yi me da shi?"

"In ji abin da na rubuta. Littattafai shida ne, ba mu da mutanen da za su busa su."

Ya ajiye ƙotar. "Ba za ka kai ni kasuwa ana tallan magani da ni ba?"

"Haba Yaya. A ɗakina kawai. Ni da kunnena."

"To Saja, in don ka ji abinka ne, zan busa."

Asabar uku muka yi. Muna farawa bayan zakaru sun gaji da cara, mu tsaya kafin maƙwabciyarmu ta tayar da injin niƙa. Na aro makirufo daga coci. Muka jingina katifu a taga da ƙofa, mamarku tana dafe da ɗaya don kada ta faɗi, dukanmu muna zufa. Kowace murya sai ya busa ta doguwa, ya busa ta gajera, ya yi a hankali, ya yi da ƙarfi. A nan ne na fara ganin abin da hayaniyar fili take ɓoye mana. Haƙoransa na gaba sun fara girgiɗi, leɓensa ba ya riƙe bakin ƙahon kamar da. Muryoyin ƙasa suna fita yadda na san su. Na sama kuwa sai ya gwada sau takwas, sau goma, kafin ɗaya ta fito lafiya. Ni sai in ajiye mai kyau, in zubar da sauran, in ce masa makirufon ne yake ba mu matsala. Biyu na can ƙololuwa ya kasa kai musu sam. Ya goge baki ya ce ai ba a cika buƙatarsu ba, na ce haka ne. Bayan ya tafi na gano manhajar tana iya jan murya ta hau sama da inda aka busa ta. Na ja, ta hau. Ban gaya masa ba.

Makonni na yi ina yanke farkon kowace murya da ƙarshenta, ina daidaita su kada wata ta fi wata ƙara. Wata Talata da rana na haɗa kome, na buɗe wata waƙar girbi, na sa ƙahonsa a gaba, na Turawa suna mara masa baya, na danna. Ban kai rabi ba sai ga mamarku ta shigo daga madafa da kofin ruwa a hannu, tana gyara ɗankwali.

"Sannu da zuwa, Yaya," ta ce. Sai ta tsaya tana dube-dube. "Ina yake?"

Ban taɓa jin daɗin wani aiki nawa kamar ranar ba. Da na kira Ishaku ya saurara, ya zauna hannuwansa a gwiwa har waƙar ta ƙare, sannan ya ce, "To, ka ji abinka." Ya sha ruwa ya tafi. A watannin da suka biyo na ji littattafaina duka shida, na gano kurakuran da na shekara goma ban san suna nan ba. Da a nan na tsaya, da babu abin da zan rubuta muku.

Cikin damina aka binne wani tsohon soja a hanyar Bena. A irin wannan jana'iza ƙaho shi kaɗai yake busa kiran ƙarshe, kowa ya yi tsit. Ishaku ya ɗaga ƙaho, ya kai inda muryar take hawa, sai ta fashe. Ya sake, ta fashe. A na uku iska ce kawai ta fito. Waɗansu matasa a baya suka ƙunshe dariya. A mota muna dawowa ya ce ruwa ne ya shiga ƙahon, ni da Garba muka ce lallai ruwa ne. Babu wanda ya kalli wani.

Sai auren Saratu ya taso. Akwai waƙar da na rubuta mata tun tana rarrafe, daga waƙar da mahaifiyata take yi in tana niƙa, na ajiye ta don ranar da za ta shiga coci da farin mayafi. Kiɗan mutum tara ne, kuma a daidai inda amarya take isowa gaban bagadi ƙaho yana hawa har ƙololuwa. Dangin angon daga Jos suke, gidan mawaƙa ne, sun san kiɗa. Ba zan yi muku ƙarya ba, wannan ya shiga lissafina fiye da yadda ya kamata. Hanyoyi biyu masu kyau suna gabana. Ina iya sauke waƙar ƙasa, mu huɗu mu busa ta iyakar ƙarfinmu. Ko kuwa in je in zauna da Ishaku in faɗa masa gaskiya, in nemi izininsa in sa muryarsa ta cikin kwamfuta. Ta farko girman kaina ya hana ni. Ta biyu tsoro ne ya hana ni, don ban san yadda ake kallon mutumin da ya riƙe maka hannu tun kana kurtu a ce masa bakinsa ya mutu ba. Sai na bi ta uku.

Mamarku ta gan ni ina gwada haɗa kwamfutar da lasifikar coci. Da muka dawo gida ta tare ni.

"Ka faɗa wa Yaya?"

"Zan faɗa masa."

"Yaushe? Aure saura kwana tara."

"Rahila, ai girmama shi zan yi. Muryarsa ce za ta shigo da amarya."

"In girmamawa ce me ya hana ka faɗa? Baban Saratu, ina dafe da katifa ka ce masa a ɗakinka kawai. Da kunnena na ji."

Na ce mata ba ta san sha'anin kiɗa ba. Ta ce haka ne, sha'anin mutane kawai ta ɗan sani. Na je gidan Ishaku da niyyar faɗa masa, Allah ne shaidata. Amma da na gan shi yana goge ƙaho da toka da lemun tsami saboda auren, abin da ya fito daga bakina shi ne badujala za ta busa a waje bayan an tashi, a ciki kuwa an yi wani shiri. Ya ce to. Bai tambaye ni wane shiri ba.

Ranar auren ya zo da farar rigarmu ta badujala, an yi mata guga har tana ɗaukar ido. Ya zauna a layi na uku, ƙahon a cinyarsa, don bai taɓa barinsa a wani wuri ba. Ni ina gefe bayan tebur. Aka ba ni alama amarya ta iso ƙofa, na danna. Manyan ƙahonin Turawa masu muryar ƙasa suka fara, a hankali, yadda na shekara ashirin ina jin su a kaina. Sannan ƙahon Ishaku ya shigo, da ɗan kaushin nan nasa. Babu ɗan Zuru a cocin da bai san muryar ba. Kawuna suka juya wajensa gaba ɗaya. Wata mata ta rangaɗa guɗa tana kiran sunansa, don labarin jana'izar ya zaga gari, mutane sun ɗauka ya dawo da ƙarfinsa. Sai suka ga hannuwansa a kan ƙaho, ƙaho a kan cinya. Guɗar ta tsaya a tsakiya. Wata tsohuwa, wadda kunnenta ya yi nauyi ba ta san tana ɗaga murya ba, ta ce:

"Ashe ba shi ba ne."

A daidai lokacin waƙar ta kai ƙololuwa, muryoyin nan biyu suka fito garau. Ishaku ya miƙe. Ya sa ƙahon a hammata ya fito hanyar tsakiya, inda Saratu take tahowa. Ya matsa gefe, ya tsaya ƙyam har ta wuce shi, ya ɗan sunkuyar mata da kai, sannan ya fita. Ni ina tsaye hannuna a kan tebur. Ina iya kashe abin, ban kashe ba. Na bar waƙar ta kai ƙarshenta.

Dangin ango sun yi ta yaba mini, wani ma ya nemi in koya masa. A waje muka busa mu uku babu ƙaho, Garba yana dukan ganga yana kallon ƙasa. Da aka tashi ya rataya gangar a kafaɗa ya ce mini, "Saja, tun da ka samu waɗanda ba sa tsufa, ka sallame mu." Badujalarmu ba ta ƙara haɗuwa ba. A gari aka ce a ɓoye na ɗauki muryar, waɗansu har suka ce asiri ne. Wannan ƙarya ce, da saninsa aka ɗauka. Sai na riƙe ƙaryar tasu na mai da ita garkuwa, ina ta kare kaina a kan laifin da ban yi ba don kada a zo kan wanda na yi. Kafin kaka Ishaku ya kwashe ya koma gonar ɗansa a hanyar Sakaba. Na ce a raina ai shi ne ya fice daga auren 'yata a gaban baƙi, shi ya kamata ya zo. Haka na zauna fiye da shekara.

Saratu ce ta tayar da ni. Ta zo wankan jego da ɗanta na fari, tana zaune a zaure ina wasa da jaririn, sai na ce bari in sa masa waƙar mamarsa ya ji. Ta ce in bari.

"Baba, ni ban ji waƙar nan ba ranar," ta ce. "Fuskar Baba Kofur kawai na gani da ya matsa mini. Ko kaset ɗin auren ba na iya kallo. Shi ne ya saya mini takalmin makaranta na farko, ga shi na haihu bai ɗauki yaron ba."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ce na yi laifi ba. Washegari da safe na sa faifan da muryoyinsa suke ciki a aljihu, na hau motar Dirin Daji mai bin hanyar Sakaba, na sauka a hanya na ƙarasa da ƙafa.

Lokacin yankan dawa ne. Na hango shi a tsakiyar gona, ya rame, hularsa ta kaba ta yi masa yawa. Na yi sallama ya amsa kamar jiya muka rabu. Bai tambaye ni abin da ya kawo ni ba. Ya miƙo mini wuƙa ya nuna mini layi. Muka yi ta yanka har rana ta karkata, hannuna da ya manta aiki ya yi kanta. Sannan muka zauna gindin ɗorawa, ya miƙo mini gorar kunu. Na fara jawabin da na shirya a mota, ya ɗaga hannu. Da C'lela ya yi maganar, yaren da rabonmu da yin sa da juna tun muna samari a bariki.

"Bitrus, ka ɗauka ban san bakina ya mutu ba? Tun kafin jana'izar nan na sani. Tun a ɗakinka, da kake cewa makirufo ne. Jira nake ka faɗa mini. Kai ne saja."

Na ce na ji nauyinsa ne.

"Nauyi. Shekara arba'in kana cewa tashi in tashi, tsaya in tsaya. Da ka ce, Kofur, sauka haka nan, da na sauka. In sa rigata ta gida in zauna a gaba in saurari ƙahona kamar kowa. Wataƙila har in yi tafi. Amma ka bar ni na goge ƙaho. Ka gan ni ina gogewa."

Ya kurɓi kunu.

"Kuma biyun nan na sama, ban ba ka su ba."

"Jan su na yi, Yaya."

"Na sani. Ka sa ni na yi ƙarya a cikin coci. Sannan ka sa ƙahon ya yi ta tafiya tun daga ƙofa har bagadi bai numfasa ko sau ɗaya ba. Wane ɗan adam ne yake busa haka? Ina fita ina jin haushinka, ina kuma jin tausayin mutumin da ke cikin akwatin."

A nan na yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu dabam, ya kau da kai ya ba ni lokaci. Da na natsu na ciro faifan na ajiye a gabansa. Na ce nasa ne, in ya ce in share na cikin kwamfutar ma, yau zan share. Ya juya shi a hannu yana kallon hasken da yake yi.

"In yi me da shi, in rufe tulu? Mayar da abinka. Ka cire biyun da ba nawa ba, ka bar shi ya riƙa numfashi. In kuma za ka sa a gaban mutane, ka tashi tsaye ka ce musu Ishaku ne, lokacin yana da haƙora."

Ya raka ni har bakin hanya da damin dawa a kansa, ya hana ni karɓa. Mota ta tsaya, ya ɗora damin, sannan ya dafa ƙofar.

"Ka gaida Rahila. Ka ce mata maganin ƙafar da ta kawo ya yi aiki."

"Rahila ta zo nan?"

"Washegarin auren ta fara zuwa, tun ina gari. Da na dawo nan kuma ba ta taɓa fashin wata ba. Ba ka sani ba?" Ya girgiza kai. "Kai dai kunne gare ka, Saja, ba ka da ido."

Ya zo ya ɗauki ɗan Saratu kafin ta koma. Daga baya, in aikin gona ya yi sauƙi, yakan shigo gari ranar Asabar ya zauna kusa da ni a zaure, in sa waƙa, hannunsa a kafaɗata. Duk inda mai busa ya kamata ya ja numfashi sai ya matsa, ni kuma in tsaya in buɗe ɗan gurbi a rubutun. Haka muka bi littattafai huɗu cikin shida kafin ƙafa ta hana shi tafiya. Amma kada ku ɗauka kome ya koma yadda yake. Bai ƙara sa ƙaho a baki ba, ko a gida. Garba ya rasu muna gaisawa kawai. Tsofaffin sojan da aka binne a Zuru bayan wannan shekara, da yawansu babu wanda ya busa musu kiran ƙarshe, kuma ina da hannu a wannan.

Ranar da na dawo daga gonar, na tarar da mamarku a tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta kalli damin dawar, ta kalli hannuwana, ta ci gaba da aikinta. Na zauna a turmi na ce mata Yaya yana gaishe ta, ƙafa ta yi sauƙi. Ta ce madalla. Na ce ashe daddawar da take zuwa saye Dirin Daji kowane wata ke nan.

"Ina sayo daddawar ma," ta ce. "Kana ci a miya."

"Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?"

"Da na gaya maka, da ka ce an riga an ba shi haƙuri, ka gyara zama. Ni ba haƙuri nake zuwa ba shi ba, ba ni na yi masa laifi ba. Zuwa nake in zauna, don ranar da ƙafarka ta ɗauke ka, ka tarar bai rufe ƙofa ba."

Ta miƙe ta kaɗe zaninta, ta kama hannuna ta juya tafin tana duba kantar.

"Ya sa ka yanka dawa?"

"Tun safe."

"Ya kyauta," ta ce. Ta shiga ɗaki ta ɗauko man kaɗanya.